Jirgin cikin gari da aka zana wa Kano bai zo ba, to mu Sakkwato fa?

Dan_Kanwuri:
Assalamu alaikum 'yan gida. Makon jiya na je Kano ɗaurin auren wani abokin karatuna. Wajen Kurna muka maƙale a cunkoso, kusan awa guda mota ba ta motsa ba, ga zafi ga hayaƙi. Ina zaune sai labarin nan na 2016 ya faɗo mini a rai, lokacin da gwamnatin Ganduje ta sa hannu da wani kamfanin China a kan jirgin ƙasa na cikin gari, na dala biliyan 1.85. Kun san irin hotunan da ake haɗawa da kwamfuta idan za a tallata aiki, tarago fari fes, tasha kamar a ƙasar waje. Na leƙa ta taga hagu da dama, ko guntun ƙarfen dogo ban gani ba, sai a-daidaita-sahu kamar an yi ruwansu.

Tambayata biyu ce. Me ke kashe irin wannan aiki tun yana kan takarda? Sannan mu nan Sakkwato, da za a ja layi guda tak, ya taso daga mazaunin dindindin na jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya biyo ta Babbar Kasuwa, ya bi titin Ahmadu Bello ya fita Kwannawa, zai yi aiki ko mafarkin rana nake yi?

Bello_Kabukabu:
Wa alaikumus salam. Malam kashe muna kasuwa kaka son yi ke nan 😂 Mu da munka ci bashi munka sayi mashin.

Uwar_Khalifa:
Ni kam ko gobe a kawo shi. Daga Mabera nake zuwa koyarwa, kullum hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama kamar wani ɗa na biyar da nake ciyarwa a gidan nan. Kuma mace da hijabi da jakar littattafai a bayan mashin cikin ranar Afrilu, sai wanda ya gwada.

Mai_Shayi_Dandima:
Wuta hwa? Da mi za a ja shi, da janareto?

Injiniya_Gwiwa:
@Mai_Shayi_Dandima da wasa ka faɗa amma ka taɓo wajen. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Jirgin da Dan_Kanwuri yake nufi ba irin na Kano zuwa Legas ba ne mai kan inji yana shan gas. Wannan tarago biyu ne ko uku a haɗe, dogonsa a shimfiɗe cikin kwalta ko gefenta, yana jan wuta daga waya a samansa. Idan wuta ta ɗauke, nan zai tsaya, ko a tsakiyar shataletale ne. Shi ya sa na cikin birnin Legas sai da aka tanadar masa tashar wutarsa daban, ba a dogara da babban layin ƙasa ba.

Amma ni a ganina ba wuta ce ke fara kashe su ba, dala ce. Babu jihar da ke da wannan kuɗi a aljihu, bashi za ta ciwo daga waje. Kuma jiha ba ta da ikon ciwo bashin waje kai tsaye, sai gwamnatin tarayya ta tsaya mata, sai majalisar tarayya ta amince. Kafin takarda ta gama zagaya Abuja, an shiga kakar zaɓe. To a ce ma an samu. Bashin da dala ne, kayan gyara da dala, amma fasinja da naira zai biya. A ƙarshen 2016 dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Duk lissafin da aka yi a wancan lokaci na cewa tikiti zai biya bashi, ka ninka bashin kusan sau biyar ka ga ko ya tsaya da ƙafarsa. Sa hannu a takardar fahimtar juna kuwa, wannan baiko ne kawai, ba a ɗaura aure ba.

Dan_Kanwuri:
Baiko 😂 Injiniya Allah ya ƙara basira. Ashe sadakin ne ya gagara.

Baba_Tsohon_Malami:
Yarana, kuna ta maganar jirgin cikin gari, ku da ko na bayan gari bai taɓa shigo muku ba. Dogo ya isa Kano tun 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan bai ƙara taku ɗaya ba har yau da nake rubuta wannan. Ina yaro mahaifina, Allah ya jiƙansa, idan zai tafi kudu sai ya hau babbar mota zuwa Gusau, ya kwana a tasha, sannan ya shiga jirgi. Ni ma tafiyata ta farko zuwa Zariya karatu haka aka yi da ni, da akwatin ƙarfe a ka. Ƙarar usur ɗin jirgin nan da asuba har yanzu tana kunnena.

Zamfarawa_Dattawa:
Allah ya jiƙan magabata Baba. Amma gyara kaɗan: ba za a ce Sakkwato ba ta taɓa samun jirgi ba. Gusau da Ƙaura duk cikin lardin Sakkwato suke a lokacin, kuma cikin jihar Sakkwato har 1996 da anka ba mu Zamfara. Jirginku ne, mun dai tahi da abinmu da anka raba gado.

Baba_Tsohon_Malami:
Ka yi gaskiya ɗana, lardi ya samu, birni ne bai samu ba. To yaya jirgin naku yanzu?

Zamfarawa_Dattawa:
Baba a bar kaza cikin gashinta.

Sarkin_Yakin_Arkilla:
Mu dai abin da munka taso muna ji, sarakuna ne sunka ce ba su son dogo shi shigo birnin Shehu, don kada shi kawo baƙin al'adu da mashaya.

Malama_Tarihi:
@Sarkin_Yakin_Arkilla wannan zance ana yawan faɗinsa a majalisa, amma duba taswira kawai za ka ga dalilin da ya fi shi ƙarfi. Bature bai shimfiɗa dogo don a kai mutane ziyara ba. Inda kaya suke nan yake bi. Kano gyaɗa da fatu. Jos kuza, har wani siririn layi aka ja mata daga Zariya a 1914, aka rufe shi a 1957. Inugu kwal. Funtuwa da Gusau auduga, Ƙauran Namoda da Nguru gyaɗa. Ya kai inda buhu yake ya tsaya. Kuma a shekarar da dogo ya isa Ƙaura, 1929, a shekarar ce tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi. Wa zai ƙara kashe fam a kan sabon layi a wannan hali? Kano ma birnin sarauta ne da malamai, bai hana a kai mata ba, sai dai aka ajiye tashar a wajen ganuwa.

Sarkin_Yakin_Arkilla:
To Malama, na ji. Amma kakana ba shi ƙarya.

Malama_Tarihi:
Ban ce ya yi ƙarya ba Yaya, shi ma ji ya yi. 😊

Alhaji_Mai_Albasa:
Ku dakata in hwaɗi tawa. Shekarata ashirin da wani abu ina lodin albasa zuwa kudu. Wallahi abin da ka ci muna rai ba cunkoson titin Ahmadu Bello ba na. Mota ta ɗauki kaya daga Gada ko Wurno ko Goronyo, ta yi kwana uku huɗu bisa hanya, ga shingaye, ga kuɗin gas, ga faci. In ta lalace a daji, albasa ba ta jiran makanike. Akwai shekarar da mota guda ta kwana biyar a hanya, da anka buɗe tamfol sai wari, rabin kayan zubarwa munka yi, direba na kuka ina kuka. Ga siminti na Kalambaina, duk bisa tirela yaka hita, shi ka farfasa muna kwalta. Ga shanu da awaki daga Kara da Illela da Acida. Wanga duka kayan jirgi na. Ku ba mu dogo daga Ƙaura shi iso Sakkwato shi wuce Illela, ku riƙe na cikin garinku.

Dan_Illela_Border:
Alhaji ka gama magana. Mu da Ƙonni ta Nijar ke nan kusa da mu kamar unguwa da unguwa, amma sai ga dogo an ja shi daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021, kilomita 284. Ba hassada nake ba, Allah ya sa a gama lafiya. Amma mu ma iyaka gare mu.

Hafsat_UDUS:
An ce ai sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 an bar wa dogo wuri a tsarinta.

Dan_Illela_Border:
An bar masa wuri, eh. Ni ma na bar wa Prado wuri a ƙofar gidana.

Uwar_Khalifa:
Kun ga halin maza ko? An fara maganar yadda talaka zai je aiki ya dawo, kun mai da ita ta albasa da siminti. Alhaji da girmanka, albasarka ba ta zuwa makaranta ƙarfe bakwai da rabi. A dawo kan tambayar Dan_Kanwuri don Allah.

Alhaji_Mai_Albasa:
Hajiya a yi haƙuri, kowa inda ke mai ƙaiƙayi yaka susa.

Hafsat_UDUS:
Ni dai ɓangaren jami'a na layin nan shi ne ya fi kama hankalina. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin motar makaranta da safe ranar jarrabawa ya san me nake nufi. Dubban ɗalibai, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, kowa yana son ƙarfe takwas ta same shi a aji. Idan akwai inda jirgi zai cika maƙil a garin nan, to nan ne.

Injiniya_Gwiwa:
@Hafsat_UDUS zai cika da safe zuwa, ya dawo wayam. Da yamma ya cika dawowa, ya koma wayam. Ranar da aka yi hutu fa? Ko a shiga yajin aiki irin na 2022, wata takwas? Ma'aikatan jirgi sai an biya su albashi ko da ɗalibi ko babu. Sannan ki tuna hanyar nan fadamar Rima ta ratsa.

Tsohon_Dalibi_2010:
Kai Injiniya ka tuna mini. Ina aji biyu aka yi ambaliyar Satumban 2010, ruwa ya yanke hanyar jami'a. Da idona na ga ana tsallakar da mutane a kwalekwale, wasu kuma suna zagaye mai nisa. Na bar katifata da buhun garin kwaki a ɗaki, ban sake ganinsu ba. Duk wanda zai ja dogo ta wannan fadama sai ya ɗaga shi sama a kan ginshiƙai, kuma nan kuɗin yake.

Abu_Fatakwal:
Kuna cewa ginshiƙai sai na yi dariya. Ina zaune Fatakwal shekara tara ina sana'a. Ku zo ku ga jirgin sama-da-titi da gwamnatin Amaechi ta fara. An kafa ginshiƙai a tsakiyar gari, an ɗora dogo, har taragon an kawo, amma bai taɓa zama abin hawan jama'a ba. Masu talla ne ke shan inuwa a ƙarƙashi. Ni a wurina gara na Kano da ya mutu a takarda. Takarda ba ta tare hanya, kuma ba a biya mata biliyoyi ba.

Dan_Kanwuri:
Wato har a cikin rashin ma akwai mai dama-dama.

Comrade_Runjin_Sambo:
Ku faɗi gaskiya mana, siyasa ce ke kashe su. Gwamna Jakande ya fara jirgin cikin birnin Legas a 1983, da kamfanonin Faransa, aiki ya kankama. Sojoji suka yi juyin mulki, gwamnatin Buhari ta soke shi a 1985. Sai a Satumban 2023 Legas ta ga jirginta na farko irin wannan, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 kacal. Shekara arba'in! Wanda aka haifa ranar da aka aza harsashin na Jakande ya yi furfura kafin ya hau.

Gaskiya_Daya_Ce:
Comrade kullum sai ka jawo Marigayi Buhari cikin magana. Ka san halin da baitulmali yake ciki a 1984? Farashin mai ya faɗi, bashi ya yi katutu, ana layin sabulu da madara. Da me za a biya Faransawan?

Comrade_Runjin_Sambo:
Ai sokewar ma ba kyauta aka yi ta ba, sai da ƙasa ta biya diyya.

Admin_Sakkwato:
Jama'a a kiyaye. An kawo tarihi, an amsa, ya isa haka. Wanda ya koma zagin wani shugaba, mai rai ko wanda ya rasu, zan goge. Mu ci gaba.

Malama_Tarihi:
Tunda an zo Legas, ƙarin bayani ga Comrade: ba 2023 ne karon farko da jirgi ya yi yawo cikin titunan Legas ba. Tun 1902 akwai wani ƙarami mai tururi da ke tsallaka gadar Carter yana haɗa tsibiri da tashar Iddo. Daga baya aka daina ɗaukar mutane da shi, ya koma kwasar bahaya da dare, har aka rufe shi a 1933. Don haka ƙasar nan ta taɓa yin irin abin da Dan_Kanwuri yake mafarki, kafin a haifi kakanninmu.

Bello_Kabukabu:
Daga hwasinja zuwa kwasar kashi 😭 Allah ka rufa muna asiri.

Hajiya_Yar_Gobir:
Ni na hau na Makka a aikin Hajji, daga Mina zuwa Arfa. Wallahi kamar a mafarki, kafin ka gama addu'a an iso. Me zai hana a yi mana irinsa ko daga Hubbaren Shehu zuwa kasuwa?

Injiniya_Gwiwa:
Hajiya Allah ya maimaita mana. Wancan an buɗe shi a 2010, kuma 'yan kwanaki kaɗan yake aiki a shekara, Saudiyya ce ke ɗauke da nauyinsa don alhazai, ba riba ake nema ba. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Addis Ababa. An buɗe shi a 2015, dala miliyan 475, yawanci bashin China, aka yi ta yabo cewa Habasha ta riga kowa a Afirka kudu da Sahara. Bayan 'yan shekaru jirage da yawa suka zauna a gareji saboda babu kuɗin waje na sayen kayan gyara. Kuma wannan birni ne mai miliyoyin mutane, ƙasar kuma tana da wutar madatsun ruwa mai arha.

Batun Hubbare kuwa, Hajiya ki tuna faɗin titunan cikin gari. Daga Kanwuri zuwa Masallacin Shehu zuwa tsohuwar kasuwa, ina za a sa dogo biyu? Sai an rushe gidaje. Gidan wa za a fara taɓawa a can?

Dan_Kanwuri:
Ba namu ba dai. 😅 Shi ya sa na ce a bi titin Ahmadu Bello.

Nura_Abuja:
To nan kuma sai ka faɗa ramin da na Abuja ya faɗa. An buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, sai a Mayun 2024 aka dawo da shi. Na hau shi har lokacin da ake hawa kyauta. Jirgi mai kyau, sanyi kamar firji. Amma tashoshin da yawa suna can bayan gari inda ba kowa, sai ka hau mashin kafin ka kai tasha, ka sauka ka sake neman wani. Mutanen Nyanya da Mararaba da suka fi kowa shan wahalar hanya, layin bai bi ta wajensu ba. Inda fili yake babu mutane, inda mutane suke babu fili. Sakkwato ma haka za a yi: a bi babban titi a bar Mabera da Minannata da Gagi.

Bello_Kabukabu:
Yawwa! Ashe dai ko an kawo shi sai an neme mu. Na janye ƙorahina, a kawo.

Uwar_Khalifa:
Wato hawa biyuna zai koma uku ke nan. Innalillahi.

Usman_Tsara_Birane:
Na karanta duka daga sama. Ni aikina ke nan, kuma ra'ayina ba zai yi wa mai tambaya daɗi ba. Sakkwato gari ne da ya bazu a kwance, gidaje ƙasa-ƙasa, kowa da tsakar gidansa, sababbin unguwanni suna ta miƙewa ta Bado da Arkilla da Tamaje da More. Jirgi yana son mutane a cushe a gefen layi guda, waɗanda za su taka da ƙafa minti biyar su iso tasha. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wa zai taka? Abin da kuɗin kilomita ɗaya na dogo zai saya na manyan motocin bas, ya isa ya canza zirga-zirgar garin nan gaba ɗaya. A ware musu hanya, a gina rumfunan jira masu inuwa, a sa musu lokaci, a ware na mata. Idan layi bai karɓu ba ka karkatar da bas gobe. Dogo kuwa in ka shimfiɗa shi ka aure shi.

Mai_Shayi_Dandima:
Bas nawa munka gani an kawo da fenti da hoton mai girma, shekara biyu sai ka gan su bisa duwatsu babu taya?

Usman_Tsara_Birane:
Gaskiya ne. To wanda ya kasa canza wa bas baƙin mai, shi za ka ba jirgin lantarki?

Hafsat_UDUS:
Amma Malam Usman, Maroko fa? Rabat ta yi nata a 2011, Kasablanka a 2012, suna nan suna aiki. Aljeriya ma haka. Su ba 'yan Afirka ba ne? Ni abin da ke ba ni haushi shi ne duk abin da aka kawo sai mu ce ba zai yiwu a nan ba. Kafin a gina gadojin sama a garin nan ma haka aka riƙa cewa me za a yi da su.

Mai_Shayi_Dandima:
Har yau wasu na tambaya. 😂

Usman_Tsara_Birane:
Ƙanwata ban ce har abada ba. Abin da zan so a yi yau shi ne a shata hanyar a taswira, a hana gini a kanta, ko da sai jikokinmu ne za su shimfiɗa dogon. Wannan ba ya cin dala ko ɗaya. Abin da ya fi tsada a irin wannan aiki a tsohon gari shi ne diyya, kuma kullum aka ƙara shekara sai wani ya kafa shago ko gidan mai a inda layin zai bi.

Baba_Tsohon_Malami:
Filin da aka shata aka ce kar a taɓa, a garin nan? Ɗana Usman, filin ƙwallon makarantar da na fara koyarwa yanzu shaguna ne.

Dan_Kanwuri:
Na gode jama'a, na sha karatu yau. Amma har yanzu ban ji wanda ya ce mini ga takamaiman abin da ya tsayar da na Kano ba. Injiniya ya ce dala, Comrade ya ce siyasa, Abu ya ce gara haka. Akwai Bakano a gidan nan ya faɗa mana yadda su suke kallon abin?

Sani_Fagge:
Ga ni, ina ta karatu ina shiru. Mu a lokacin ma gardama aka yi ta yi a rediyo, wasu na cewa bashin zai danne jihar har jikoki, wasu na cewa Kano ta wuce a ce ba ta da jirgi. Daga baya maganar ta yi sanyi, aka koma gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Gada kana gama ta cikin wa'adinka ka sa mata suna. Jirgi kuwa wani ne zai yanke ƙyallen.

Alhaji_Mai_Albasa:
To tunda na cikin gari ya gagara, a koma ga tawa. Ƙaura zuwa Sakkwato. Hajiya Uwar Khalifa ki sa muna albarka.

Uwar_Khalifa:
Na sa Alhaji, in za a rage mana kuɗin albasa. @Bello_Kabukabu kana kusa da Mabera gobe da safe? Mai keken da ke ɗaukata ya tafi ƙauye biki.

Bello_Kabukabu:
Bakwai saura kwata ina bakin masallaci Hajiya. Amma kuɗin jiya ba na yau ba na, mai ya ƙara.